Horarren Kare Da Nauyin Da Ke Kan Mai Shi

 

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a bayan kaka, sa'ad da aka yanke dawa aka tsince auduga, da wuya ya rasa cin karo da ayarin mafarauta, kowa da gorarsa a kafaɗa, karnuka na biye da su. Idan kuma ya ratse zuwa ƙauyuka zai tarar da kare kwance a gindin rumbu, ko a bakin garken Fulani, ko a bukkar gona inda ake tsaron masara saboda birai da ɓarayi. Watau dai a wannan yanki kare ba baƙo ba ne, ko da yake shi ne dabbar da aka fi amfana da ita ba tare da an yarda a ambaci sunanta da alheri ba.

Tambayar da aka saba yi wa malamai ita ce, shin ajiye kare ya halatta? Amsarta ba ta da nisa. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ba domin farauta ko tsaron dabbobi ko tsaron shuka ba, ana rage masa ƙiraɗi guda na lada a kowace rana, a wata ruwayar ma ƙiraɗi biyu. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda babu ɗalibin zaure da bai san ta ba, ita ma a kan wannan ta tafi, ta kuma ƙara da cewa farautar da ake nufi ita ce ta neman abinci, ba ta wasa da nishaɗi ba. Sana'o'in nan uku da aka keɓe kuwa, noma da kiwo da farauta, su ne ainihin abin da mutanen kudancin Katsina ke rayuwa a kai. Saboda haka mafi yawan masu karnuka a ƙauyukan Kafur da Ɗanja da Ƙanƙara suna cikin izni tun farko. Samarin birni masu sayen karnukan Turai domin ado da burga, su ne hukuncin ya fi yi wa nauyi, amma ba su ne abin dubawa a yau ba.

Tambayar da ba a cika yi ba, alhali kuwa ta fi waccan shafar maƙwabta, ita ce: wanda aka yi wa izni ya ajiye kare, wane irin hali aka ɗora masa ya koya wa karen, kuma idan karen ya yi ɓarna, wa za a tambaya?

A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta wa Musulmi cin abin da dabbobin farauta suka kamo masu, bisa sharaɗin cewa an koyar da dabbobin, an kuma ambaci sunan Allah. Ayar ta danganta wannan koyarwa ga ilmin da Allah Ya ba ɗan Adam. Abu Sa'alaba Alhushani, Allah Ya yarda da shi, ya yi tambaya a kan wannan, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrabe masa: abin da horarren kare ya kamo aka yi bisimilla a kansa ana ci, abin da wanda ba a horar ba ya kamo kuwa ba a ci sai in an riske shi da rai an yanka. Mai karatu ya lura da wannan. Ga karnuka biyu, mai yiwuwa ma uwarsu ɗaya, haƙoransu iri ɗaya, zomon da suka kama iri ɗaya, amma kamun ɗaya halal ne, kamun ɗayan mushe. Babu abin da ya raba su sai horo. Alƙurɗubi, malamin tafsirin nan Bamalike wanda ya rasu a shekara ta 671 ta Hijira, ya kafa hujja da wannan aya a kan fifikon mai ilmi bisa jahili, haka kuma Ibnul Ƙayyim ya yi a bayansa. Idan ilmi ya ɗaukaka kamun kare, ina ga aikin mutum?

To, mene ne alamar horarren kare? Abin da aka ɗauko daga Limamu Maliku shi ne, kare ne wanda in an sake shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Hanafawa da Shafi'awa suka ƙara sharaɗi na uku, watau kada ya ci daga abin da ya kama, suna masu dogara da hadisin Adiyyu ɗan Hatimu, inda aka hana shi cin naman da karensa ya riga ya taɓa, domin ana tsoron ko kansa ya kama wa. Abu Yusufa da Muhammadu, almajiran Abu Hanifa, har adadi suka sa: sai ya bar cin kamunsa sau uku kafin a kira shi horarre. Malikawa ba su sa wannan sharaɗi ba, suna da tasu ruwayar da suka dogara da ita.

Amma ko da wace mazhaba aka bi, akwai abu guda da ya fito fili. Rabin farko na sharaɗin, watau tafiya in an sake shi, ba wani aiki ne babba ba. Bin zomo ɗabi'ar kare ce, kwikwiyo ma in ya ga kaza ta ruga zai bi ta ba tare da kowa ya koya masa ba. Aikin yana ga rabi na biyu. Kare ya miƙe da gudu, ƙanshin nama na hancinsa, sa'an nan murya ɗaya daga bayansa ta tsayar da shi cik. Ko ya kama gafiya yana jin yunwa, ya riƙe ta har mai shi ya iso. Wannan ba ya cikin halittarsa, sa masa shi aka yi. Ashe abin da Shari'a ta kira ilmi a wajen kare, mafi yawansa kamewa ne. Mutane kuwa sun juya ma'aunin. In ana yabon kare a dandali, zafinsa ake yabo: ba ya barin kowa ya kusanci gidan, ya taɓa yaga wa wani wando, ko mai shi ma yana shakkarsa. Karen da mai shi ke shakka kuwa, a ma'aunin malaman fiƙihu, jahilin kare ne, kome yawan zomayen da ya kashe.

Wannan yana da hukunci a dajin farauta wanda ya kamata mafarauta su sani. A farautar gayya, inda garuruwa da yawa ke haɗuwa a saki karnuka barkatai, sau da yawa akan tarar da karnuka uku ko huɗu a kan dabba guda, ta riga ta mutu. An gaya wa Adiyyu cewa idan ya sami wani kare tare da nasa, bai kuwa san wanda ya yi kisan ba, kada ya ci, domin a kan karensa ya yi bisimilla, ba a kan ɗayan ba. Haka nan a wurin Malikawa, karen da ya zabura da kansa ba tare da mai shi ya sake shi da niyya ba, kamunsa ba ya halatta sai an riske shi da rai. Wani naman da ake jayayya a kansa a daji, har a zare makami, in an bincika ba ya halatta ga ko ɗaya daga masu jayayyar.

Mai tunani zai iya cewa, ai kare ba shi da hankali, ba a ɗora masa Shari'a ba, ba shi da lada ba shi da zunubi. Yaya za a ce yana da halin kirki ko na banza? Abin da ake kira horo sabo ne kawai, kamar yadda jaki ke gane hanyar gida. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ma ke warware matsalar. Tun da kare ba mukallafi ba ne, aikinsa ba ya tsayawa a kansa, wucewa yake yi zuwa ga wanda ya sarrafa shi. Abin da ya sa kamun horarren kare ya halatta shi ne ya zama kamar wuƙa a hannun mai shi: niyyar ta mutum ce, bisimillar ta mutum ce, karen ya ɗauki nufin mutum ya kai inda ƙafar mutum ba ta iya kaiwa. To, ƙofar da alheri ya bi ya iso ga mai kare, ita ce sharri zai bi. Ba shi yiwuwa mutum ya ce zomon nasa ne domin karensa ya kamo, sa'an nan in karen ya ciji ɗan maƙwabci ya ce ai dabba ce, ba ta da hankali.

Wannan magana ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan saboda halin tsaro. Ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, kuma ba a manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Magidancin da gidansa ke bakin gari, wanda bai taɓa tunanin ajiye kare ba, yana da dalilin yin tunanin. Tsaron gida ba ya cikin abubuwa ukun da hadisi ya ambata, shi ya sa malamai suka yi saɓani, waɗansu suka hana, waɗansu suka yi ƙiyasi a kan tsaron shuka da dabbobi, suna cewa rai da iyali sun fi dami daraja. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a lokacin da ake zaman tsoro a Ƙairawan, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Maliku ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Maliku ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Mutumin da ya rubuta hanin da hannunsa ke nan, bai kuwa ga cewa ya saɓa wa mazhabarsa ba.

Sai dai a nan ne kuskuren ke shigowa. Mai gida ya ce, tun da don tsaro na ajiye shi, to, bari in mai da shi mugu. Sai a ɗaure kwikwiyo da sarƙa a rana, a hana shi abinci, a sa yara su riƙa tsokanarsa, a riƙa cuna shi ga duk mai wucewa, wai don ya yi zafi. Hujjar mai yin haka ba ta rasa ƙarfi: karen da ke kaɗa wa kowa wutsiya, me zai tsare? Amma a duba da idon basira. Kare ba ya tare mai bindiga da haƙori, harsashi guda ya ishe shi. Amfaninsa a irin wannan dare shi ne kunnensa da hancinsa, ya ji motsi tun daga nesa ya yi haushi, mutane su farka, mai gudu ya gudu, mai ɓuya ya ɓuya. Wannan kuwa ba ya bukatar mugunta ko kaɗan. Su wane ne haƙorin mugun kare ke samu? Almajirin da ya tsaya bara a ƙofar gida, yarinya mai tallar fura, tsohuwar da ta shigo barka, ɗan maƙwabci da ya biyo ƙwallonsa. Waɗanda aka ajiye shi dominsu ba sa zuwa da rana, waɗanda ke zuwa da rana kuwa ba su ne aka ajiye shi dominsu ba. Bugu da ƙari, karen da ke yi wa kowa da kome haushi, daga akuya har inuwar bishiya, ranar da abin tsoro ya zo da gaske babu wanda zai ɗaga kai daga matashi.

Game da yunwa da duka, hukuncinsu a bayyane yake. Hadisi ya tabbata a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Karen da ke ɗaure a turke, kaskonsa a bushe tun safe, bai bambanta da wannan kyanwa ba. Hadisi ya kuma tabbata a kan mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki aka sanar da su cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Wancan kare ma na kan hanya ne, babu wanda ya ɗauki nauyinsa. Wanda mutum ya ɗauko da hannunsa ya ɗaure a gidansa, ciyar da shi da shayar da shi da sama masa inuwa wajibi ne. Yawancin wulaƙancin da ake yi wa kare ana fakewa ne da cewa najasa ne, alhali a mazhabar Maliku, wadda ita ce ta mutanen ƙasar nan tun asali, kare mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umurni ne na ibada. Shafi'awa ne suka ɗauke shi najasa mai kauri. Ko a wurinsu kuwa, najasa dalili ce ta yin wanki, ba ta zama izinin jifa ba.

Abin sha'awa shi ne, masana halayyar dabbobi na wannan zamani sun iso inda gogaggun mafarauta suka daɗe da isowa. Sun nuna cewa kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga mako na 3 zuwa wajen na 12 da haihuwarsa, wanda duk abin da ya saba da shi a ciki zai ɗauke shi abin gida. In a wannan lokaci ya saba da yara da awaki da kaji da baƙi masu sallama, ba zai tashi yana ganinsu abokan gaba ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sun kuma nuna cewa kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi a daidai wannan ƙiftawar ido. Wanda ya dawo daga gona da la'asar ya doki karensa saboda ƙwan da ya sha da hantsi, bai koya masa barin ƙwai ba, ya koya masa tsoron dawowar mai gida ne. Mafi muni shi ne a kira kare, ya zo, sa'an nan a doke shi. An koya masa ke nan cewa amsa kira hatsari ne, an kuwa rushe sharaɗin nan na Maliku da hannu. Hanyar da ke aiki ba ta da tsada: kalma ɗaya ga kowane umurni, ba a canza ta, kowa a gidan ita yake faɗi; ɗan ƙanzo ko guntun ƙashi a take in ya yi daidai; a maimaita kaɗan kaɗan kullum. Karen da aka horar da tsoro yana bin umurni muddin sanda na kusa, tsoron nan kuwa shi ne ke juyewa cizo ranar da ya sami wanda ya fi shi rauni. Wanda ya kasa haƙurin wannan aiki, gara ya bar kiwon kare ga masu iyawa.

Idan ɓarna ta auku, Shari'a ba ta bar ta a banza ba. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azibu da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Manoma da makiyaya sun san wannan hukunci sarai. A kan kare mai cizo, malaman Malikiyya sun ce idan an gargaɗi mai shi bai ɗauki mataki ba, to, abin da karen ya lalata na dukiya ko na jiki yana wuyansa. In kuwa da gangan ya cuna shi ga wani, wannan ya fita daga babin sakaci ya shiga babin ta'adda. Saboda haka maƙwabcin da ya ga alamar mugunta ga karen wani, abin da ya kamace shi shi ne ya faɗa wa mai shi a gaban shaidu, ko ya kai maganar ga mai unguwa. Sa guba a tuwo a jefa ta kan katanga ba hanya ba ce, domin Risala ta ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa sai ya biya ƙimarsa. Sahnunu ma, babban malamin Ƙairawan, ya halatta sayar da irin wannan kare, har aka ruwaito yana ganin babu laifi a yi aikin hajji da kuɗinsa.

Saura haukan kare, wanda horo ba ya maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da kaso mai yawa a ciki. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi. Amma tun shekarar 1885 Luwi Fasto na Faransa ya gwada allurar rigakafinta ga ɗan Adam ta yi aiki, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin ta karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya tsara. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da hali zai yi. Shi kuma karen, in ana iya tsare shi ba tare da hatsari ba, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, domin abin da ya bayyana gare shi zai taimaki likita. Abu na farko da za a nema a wurin mai kare a wannan rana shi ne takardar allurar, kuma uban yaron da aka ciza yana da haƙƙin ya ce a nuna masa ita.